Ya Ji Ko Bai Ji Ba? Fashin Baƙi Kan Auna Sauraro a Ajin Harshe na Biyu

A ce malami ya kunna wa ɗalibansa faifan murya na minti uku cikin harshen da yake koya musu, ya raba takarda mai tambayoyi goma, ya karɓa, ya yi maki. Ɗalibai uku suka tashi da huɗu-huɗu. A littafin maki su ukun nan ɗaya suke, duk an rubuta musu rauni a sauraro. Amma da zai zaunar da su ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya, da ya ji labari uku mabambanta. Ta farko ta san kowace kalma da ke cikin faifan, da a rubuce aka ba ta da ta karanta sarai, sai dai a kunnenta maganar ta zo a dunƙule, ba ta gane inda wannan kalma ta ƙare waccan ta fara ba. Na biyu ya ji kalmomin, ya kuma gane zancen, amma kafin ya gama karanta zaɓi huɗu na tambaya ta uku, mai magana ya riga ya wuce amsar ta biyar. Na uku kuwa bai kama komai ba. Canka ya yi ta yi, ya tsinci dami a kala.

Maki ɗaya, cuta uku, kuma maganin wannan ba zai yi wa waccan komai ba. Idan malamin ya yanke cewa mafita ita ce a ƙara kunna faifai a ƙara jero tambayoyi, to bayan wata shida ma huɗu-huɗun za su ci, sai fa in mai cankar nan ya taki sa'a ya samu biyar. Abin da nake so mu warware ke nan: me ake aunawa idan an ce an auna sauraro, kuma me makin yake iya gaya wa malami game da koyon ɗalibinsa?

Fasahar da ba ta barin sawu

Cikin fasahohin harshe huɗu, wato sauraro da magana da karatu da rubutu, sauraro ne ya fi wuyar kamawa. Mai rubutu yana barin takarda. Mai magana yana barin murya, ana iya ɗaukarta a na'ura a sake ji. Mai karatu, ko da yake aikin a cikin kansa yake gudana, rubutun na nan gabansa, yana iya komawa layin da ya kuɓuce masa, malami ma yana iya ɗora yatsa ya ce a nan ka ɓata. Mai sauraro ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Magana zarar bunu ce, da ta fito ta wuce, kuma linzamin saurinta yana hannun mai faɗa. Abin da aka fahimta yana can cikin ƙwaƙwalwa, ba wanda ya gani.

Saboda haka duk mai son auna sauraro dole ya zagaya ta wata ƙofa. Ko ya sa ɗalibi ya karanta zaɓi ya canka, ko ya rubuta amsa, ko ya faɗa da baki, ko ya yi wani aiki da hannu. Kowace ƙofa kuwa da dogarinta. Samuel Messick, masanin awon ilimi ɗan Amurka, ya fayyace a 1989 cewa jarrabawa tana lalacewa ta fuska biyu: ko ta shigo da abin da ba shi aka ce a auna ba, ko ta auna guntun abin ta bar sauran. Gwajin sauraro yana faɗawa ramukan biyu cikin sauƙi. Idan zaɓin da aka rubuta ya fi faifan wahala, karatu aka auna. Idan aka soke amsa don an yi kuskuren harafi ɗaya, ƙa'idar rubutu aka auna. Idan kuma duk tambayoyin lambar waya ne da ƙarfe nawa jirgi zai tashi, to an auna tsintar bayani, an bar gane manufa da habaici da yanayin mai magana.

Abin da ke faruwa tsakanin kunne da ma'ana

Masanin halayyar tunani John Anderson ya kasa fahimtar magana mataki uku. Da farko kunne ya ware sautuka ya gane su a matsayin kalmomi. Sannan a haɗa kalmomin bisa nahawu su ba da ma'anar jimla. Daga ƙarshe a ɗaura wannan ma'ana a jikin abin da mutum ya riga ya sani da abin da aka faɗa a baya. A harshen uwa duk ukun suna gudana a lokaci guda ba tare da mutum ya sani ba. A harshe na biyu kowane mataki yana cin ƙarfi, kuma ƙarfin da na farko ya cinye ba ya isa ga na uku.

Christine Goh ta bi wannan tsari a wani bincike da ta wallafa a 2000, inda ɗalibai 'yan China masu koyon Ingilishi a Singafo suka riƙa bayyana abin da ke damunsu lokacin sauraro. Ta tattara matsaloli goma, biyar daga ciki a matakin farko suke, wato gane sauti da kalma. Ɗalibai suna cewa ba sa gane kalmar da suka sani, ko suna tsayawa tunanin kalma ɗaya har sauran maganar ta wuce su, ko suna manta abin da suka ji nan take. A ganina wannan shi ne wurin da malamai suka fi yin sakaci, domin tambayoyin auna fahimta kusan duk matakin ƙarshe suke dubawa, alhali ɓarakar tun daga ƙofar kunne take.

Ga abin da ya sa matakin farkon yake da wuya haka. A rubuce akwai fili tsakanin kalma da kalma. A baki babu. Mutum yana ji kamar akwai ne don kunnensa ya koyi yanka maganar tun yana jariri, kuma kowane harshe da wuƙarsa. Anne Cutler da abokan aikinta sun nuna cewa mai jin Ingilishi yana dogara da gaɓar da aka ƙarfafa, yana ɗauka nan ne farkon sabuwar kalma, kuma lissafin yana yi masa daidai domin kusan kashi 90 cikin 100 na kalmomi masu ɗauke da ma'ana a hirar Ingilishi da gaɓa mai ƙarfi suke farawa. Mai jin Faransanci gaɓa-gaɓa yake bi, mai jin Japananci kuma awonsa ya fi gaɓa ƙanƙanta. Abin mamakin shi ne mutum yana ɗaukar wuƙar harshensa ya shiga da ita sabon harshe, ya yi ta yanka a inda babu gaɓa.

Haka nan sautukan kansu. Ɗalibin da harshensa bai bambanta wasu sautuka biyu ba, ba taurin kai ne ke hana shi ji ba, kunnensa ne ya zuba su a kwando ɗaya. Sanannen misali shi ne Bajapane da "r" da "l" na Ingilishi. Mu juya abin ta wajenmu don mu ji zafinsa: mai koyon Hausa da aka ce masa "baki", wato na cin abinci, da "baƙi" na launi, da "baƙi" waɗanda suka zo daga nesa. Mu ko a cikin barci ba ma haɗa su. Shi kuwa sai ya kama bambancin "k" da "ƙ", ya kama tsawon wasali, ya kama karin sauti, duk cikin ƙiftawar ido, jimla kuma tana tafiya ba ta jiransa.

Sai batun tunawa. Abin da kunne ya ɗauka bai fi daƙiƙa biyu yake zama a yadda aka faɗe shi ba, idan ba a maimaita shi a zuci ba. Jacqueline Sachs ta nuna tun 1967 cewa ko masu jin harshensu na uwa, jim kaɗan bayan sun ji jimla, sukan manta ainihin tsarin kalmominta su riƙe ma'anarta kawai. To ka ga tambayar da ke neman ɗalibi ya tuna wace kalma aka yi amfani da ita minti biyu da suka wuce, ƙwaƙwalwa take gwadawa, kuma ɗan asalin harshen ma zai iya faɗuwa.

Sauri ma ba iri ɗaya ba ne. Tauroza da Allison sun auna Ingilishin Birtaniya a 1990, suka ga laccar da ake yi wa baƙin ɗalibai tana tafiya a kan kalma kusan 140 a minti, jawabin rediyo kusan 160, hira tsakanin mutane kuwa tana kaiwa wajen 210. Ɗalibin da bai taɓa jin komai ba sai muryar malaminsa, wanda ke jan magana a hankali yana kallon fuskarsa, zai ci jarrabawar aji da kyau, ya fita waje ya ji kamar wani harshe dabam ake yi.

Yawan kalmomin da mutum ya sani yana da nasa kaso. Binciken van Zeeland da Schmitt na 2013 ya nuna cewa idan mai sauraro ya san kashi 95 cikin 100 na kalmomin labarin da ake ba shi, fahimtarsa takan tsaya da ƙafarta, kuma a Ingilishi wannan yana buƙatar sanin tushen kalmomi wajen 2,000 zuwa 3,000. Amma a lura, sanin kalma da ido daban, saninta da kunne daban. Gwajin kalmomi da ake yi a takarda ba ya gaya maka ko ɗalibi zai gane kalmar idan ta zo a tsakiyar jimla, an haɗiye rabinta.

Yadda aka yi ta jujjuya ma'auni

A 1961 Robert Lado ya fitar da littafinsa kan gwajin harshe, wanda ya zama madubin zamaninsa. Tunanin lokacin shi ne a wargaza harshe gunduwa-gunduwa a gwada kowace ita kaɗai. A sauraro, sai a karanta wa ɗalibi kalmomi biyu masu kama da juna a ce ɗaya ne ko daban. Makin yana da sauƙin yi, ba gardama a kansa. A wannan shekarar dai John Carroll ya yi ƙorafin cewa mutum zai iya cin irin wannan gwaji ya kasa bin magana ta gaske, ya nemi a riƙa gwada harshe a haɗe. John Oller ya ɗauki wannan tuta a shekarun 1970, ya farfaɗo da shifta da cike gurbi, yana cewa duk wanda ya iya rubuta abin da aka karanta masa da saurin magana to ya haɗa sauti da nahawu da ma'ana a aiki ɗaya. Har ya kai ga cewa ƙwarewar harshe abu ɗaya ce dunƙulalliya, maganar da shi da kansa ya sassauta a 1983. Daga shekarun 1980 kuma sai aka koma ga amfani da harshe a rayuwa: sanarwar filin jirgi, hira a waya, lacca a jami'a. Manyan jarrabawowin ƙwarewar Ingilishi na yau 'ya'yan wannan zamani ne. TOEFL da aka fara a 1964 ta sauya fasali ta koma intanet a 2005, IELTS kuma ta fito a 1989.

An samu ci gaba, ba musu. Sai dai a wajen murnar sabon salo an zubar da wasu kayan aiki masu amfani. Shifta ta zama abin kunya a bakin malaman zamani, alhali har yau ban ga abin da ya kai ta tona asirin abin da kunnen ɗalibi ya ɗauka ba. Zan dawo kanta.

Tarkon da ke cikin kowace tambaya

Tambayar canki-canka, wadda ake jero zaɓi a ce ɗalibi ya ɗauki ɗaya, ta fi kowace yaɗuwa saboda sauƙin maki, har na'ura tana yi. Amma mai zaɓi huɗu tana ba wanda bai ji komai ba damar cin kashi 25 cikin 100, kuma tana ɗora wa mai sauraro nauyin riƙe amsoshi huɗu a kai, uku daga ciki ƙarya ne da aka ƙera don su ruɗe shi. A rayuwa ba wanda ke sauraron magana da ƙarya uku a hannu. Akwai kuma wata ɓaraka da masu shirya tambaya ba sa gani. Na taɓa shirya gwaji, na ba wasu abokan aiki takardar tambayoyin kawai ba tare da na kunna musu faifan ba, suka ci fiye da rabi. Wani wuri zaɓin da ya fi tsawo shi ne amsa, wani wuri tambaya ta bakwai ta tona amsar ta huɗu, wani wuri hankali kaɗai ya isa. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Tun daga ranar ba na raba gwaji sai wani ya amsa shi da kunne a toshe.

Cike gurbi ya fi kusa da abin da mutum ke yi a rayuwa, kamar rubuta saƙon waya, amma yana tilasta sauraro da karatu da rubutu a lokaci guda. A IELTS, inda ake amsa tambayoyi 40 a sassa huɗu cikin kusan minti 30, kuskuren harafi yana kashe amsa. Suna da hujjarsu, domin jarrabawa ce ta masu shirin karatu ko aiki da harshen, kuma masu maki da yawa suna buƙatar ƙa'ida ɗaya. Malamin aji ba shi da wannan uzuri. Idan ɗalibi ya rubuta kalma a karkace amma a fili yake ita ya ji, ya ci sauraro, a bar gyaran rubutun zuwa nasa darasin.

Ga masu farawa, hanyar da ta fi tsabta ita ce wadda ba ta neman su samar da harshe ko kaɗan: bi hanya a taswira, zaɓi hoton da ake siffantawa, jera hotuna yadda labari ya zo, zana abin da aka ce, tashi ka taɓa ƙofa. Idan kuma duk 'yan ajin harshen uwa ɗaya suke ji, babu laifi a bar su su faɗi abin da suka fahimta da harshensu. Wasu malamai suna ganin wannan kamar an saɓa doka ne. Ni kuwa ina ganin in fahimta ake son gani, ba dalilin da zai sa a toshe ta da raunin magana.

Sau nawa za a kunna faifan? A nan manyan jarrabawowi ma sun rabu. IELTS da TOEFL sau ɗaya suke kunnawa, jarrabawowin Cambridge irin su B2 First kuma sau biyu. Masu sau ɗaya suna cewa haka rayuwa take. Masu sau biyu suna cewa a rayuwa kana ganin fuskar mai magana, ka san inda kake, kana iya cewa maimaita, don haka ji na biyu diyya ce ta abin da faifai ya ƙwace. Japan ta raba gardamar biyu: a jarrabawar shiga jami'a da ta fara aiki a 2021, sassan farko ana ji sau biyu, na baya sau ɗaya. Haka batun ganin tambayoyi kafin a ji. IELTS tana ba da lokaci a duba su, TOEFL kuma sai an gama ji, ana rubuta 'yan bayanai, sannan tambayoyi su bayyana. Na farko yana koya wa kunne farautar abu takamaimai, na biyu yana neman a bi zancen gaba ɗaya. Duk biyun sauraro ne, amma ba iri ɗaya ba, kuma kamata ya yi malami ya san wanne yake so kafin ya zaɓa.

Bidiyo ko murya zalla? A 1976 Harry McGurk da John MacDonald sun nuna cewa idan aka haɗa sautin "ba" da hoton leɓen da ke furta "ga", mutane da yawa "da" suke ji. Ido yana cikin aikin ji ke nan. Cire shi yana mayar da kowace hira ta zama kiran waya. Sai dai ɗalibin da kansa ke sunkuye a kan takardar amsa ba ya kallon allo, don haka sa bidiyo ba tare da sauya fasalin tambayoyin ba kusan aikin banza ne.

Abu na ƙarshe a wannan layi shi ne ɗakin da kansa, kuma shi aka fi rainawa. A Koriya ta Kudu, ranar jarrabawar shiga jami'a a watan Nuwamba, ana dakatar da tashi da saukar jiragen sama na kusan minti 35 lokacin sashen sauraron Ingilishi. Japan kuma, da ta shigar da sauraro cikin jarrabawarta ta ƙasa a 2006, kowane ɗalibi aka ba shi 'yar na'urarsa da abin sawa a kunne. Ƙasashen nan sun gane cewa ƙara da amsa-kuwwa suna cutar mai koyo fiye da ɗan asalin harshe, domin ɗan harshe yana cike abin da ya ɓace daga saninsa, mai koyo kuwa ba shi da rarar da zai cike da ita. Kafin malami ya yanke wa 'yan layin baya hukunci, ya je ya zauna a kujerarsu ya kunna lasifikar ya ji.

Gwaji da ya yi shigar darasi

John Field, wanda ya daɗe yana nazarin wannan fanni, ya yi wata suka a 2008 da ta dace da ajujuwa da yawa. Ya ce abin da ake kira darasin sauraro galibi gwaji ne kawai: a kunna, a yi tambaya, a faɗi amsar daidai, a wuce. Wanda ya ci bai san yadda aka yi ya ci ba, wanda ya faɗi bai san inda ya faɗi ba. An duba sakamako, an bar hanyar da ta kai ga sakamakon. Wannan ya yi daidai da abin da Paul Black da Dylan Wiliam suka tattaro a 1998 daga ɗaruruwan bincike, cewa awon da ke ƙara koyo shi ne wanda ake yi ana cikin tafiya, wanda ke gaya wa ɗalibi abin da zai gyara, kuma malami ya sauya darasin gobe saboda shi. Maki tsirara ba ya yin wannan aiki.

Ruwa ba ya tsami banza. Kowace amsar kuskure tana da asali, kuma a nan dukiyar malami take. Idan rabin aji suka zaɓi amsa ɗaya marar daidai, a tsaya, a koma daidai wurin a faifan, daƙiƙa biyar ko goma, a sake kunnawa, a ce kowa ya rubuta abin da ya ji, ko da ba ya ba da ma'ana. Wannan ita ce shiftar da na ce zan dawo kanta, 'yar gajeruwa, ba shafi guda ba. Abin da zai fito a takardun zai ba ka mamaki. Za ka ga wanda ya haɗe kalmomi biyu suka zama wata kalma da ya sani, wanda ya tsallake 'yar kalmar korewa har ma'ana ta juye, wanda ya kama kalma ɗaya ya gina labarinsa a kanta. Darasin mako mai zuwa ya rubuta kansa.

Bayan an gama, a raba musu rubutaccen abin da aka faɗa a faifan, su sake ji suna bi da ido, su yi alama iri uku: kalmar da ban sani ba sam, kalmar da na sani amma ban gane ta da kunne ba, da wurin da na gane duk kalmomin amma ma'anar ta kuɓuce mini. Tulin alamomin da ya fi yawa shi zai nuna ko ɗalibi kalmomi yake buƙata, ko horon kunne, ko nahawu da sanin batun. Ɗalibar nan tamu ta farko, takardarta za ta cika da alama ta biyu. Mai canka kuwa akwai hanyar kama shi da ba ta da zafi: kowa ya sa alama gefen amsarsa, na tabbata, ina zato, ko canka na yi. Amsar daidai da aka canka ba ilimi ba ce, amsar kuskure da aka tabbatar kuwa ita ce ta fi buƙatar malami.

Akwai kuma salon da Ruth Wajnryb ta yaɗa a 1990, inda ake karanta ɗan sakin layi da saurin magana, ɗalibai su tsinci abin da suka iya, sannan su haɗu uku-uku ko huɗu-huɗu su sake gina shi. Malamin da ya zagaya yana kasa kunne ga gardamarsu, wannan na cewa na ji kaza, wancan na cewa ba zai yiwu ba don nahawu bai yarda ba, zai san ajinsa fiye da yadda gwaji goma za su sanar da shi. Larry Vandergrift da Goh da abokan aikinsu kuma sun fitar da takardar tambayoyi 21 a 2006, wadda ɗalibi ke cikewa game da yadda yake sauraro: yana fassarawa a kai kalma-kalma? Yana yin hasashe kafin a fara? Yana iya dawo da hankalinsa in ya ɓace? Ba a ba da maki a kanta, amfaninta buɗe zance ne.

Ya ci gaba ko faifan ne ya yi sauƙi?

A nan ne auna koyo ya fi zamewa. Ɗalibi ya ci biyar a farkon zango, ya ci takwas a ƙarshe, kowa ya yi murna. Amma faifan biyu daban ne. Wataƙila na biyu ya fi jinkiri, ko mai maganar karin harshensa ya fi kama da na malami, ko batun abu ne da ɗalibin ya sani tun a harshensa. Sanin batu kaɗai yana iya ɗaga maki ba tare da kunne ya ƙaru da komai ba. Idan kuma faifai ɗaya aka maimaita, tunawa ta shigo. Tambayoyi goma ma sun yi kaɗan a gina hukunci a kansu, domin tari ɗaya daga maƙwabci ya isa ya tafi da kashi goma.

Abin da ya fi aminci shi ne a tara shaida kaɗan-kaɗan a tsawon zango, daga muryoyi daban, batutuwa daban, ayyuka daban, a kuma riƙa lura da abin da ke sauyawa ban da maki: sau nawa yake buƙatar ji kafin ya kama, wane sauri yake iya jurewa, alamominsa na "na sani amma ban gane ba" suna raguwa ko suna nan. Ma'aunin harsuna na Majalisar Turai da aka wallafa a 2001, mai matakai shida daga A1 zuwa C2, yana taimakawa wajen ba wannan ci gaba suna. A matakin A1 mutum yana bin magana in an yi ta a hankali ƙwarai tare da dogon tsayawa. A B1 yana kama manyan batutuwa a magana bayyananniya kan abin da ya saba. A C1 yana bin doguwar magana ko da ba a tsara ta ba, ko da alaƙar sassanta a ɓoye take. Sai dai matakan suna da faɗi, ɗalibi zai iya shekara yana ƙaruwa bai fita daga B1 ba, don haka ba su isa su zama ma'aunin mako-mako ba.

Jarrabawa kuma tana jan darasi a bayanta. Charles Alderson da Dianne Wall sun yi nazarin wannan a Siri Lanka, suka wallafa a 1993, suka ga sabuwar jarrabawa ta sauya abin da malamai ke koyarwa amma ba ta sauya yadda suke koyarwa ba. Inda babu sauraro a jarrabawar ƙarshe, yakan ɓace daga aji. Inda yake akwai, sau da yawa abin da ke shigowa atisayen canki-canka ne, a koya wa yara dabarar kawar da zaɓi biyu.

Akwai wani nau'in sauraro da faifai ba ya iya taɓawa ko kaɗan, kuma shi ne mafi yawa a rayuwa: wanda kake cikin zancen. A nan gwanin sauraro shi ne wanda ya san lokacin da ya ɓata, ya tsayar da mai magana, ya ce wace kalma ka ce, ko ya maimaita abin da ya fahimta don a tabbatar masa. Ana iya auna wannan da ɗalibai biyu da taswira biyu, ɗaya da hanya a zane, ɗaya babu, su juya wa juna baya. Mai hanyar ya yi kwatance, ɗayan ya zana. Malami ya riƙe takarda mai layi biyu: a na farko ya rubuta ko zanen ya isa inda aka nufa, a na biyu ya sa ɗigo duk lokacin da mai zanen ya yi tambayar da ta ceto shi daga bin kwanar da ba ita ba.